Kifin Abba na Farko

Catford, Landan

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san ba za ka karanta wasiƙar nan ba. To amma ko kana raye ma ai ba karantawa za ka yi ba, sai dai ka miƙa wa malamin asibiti, kana tsayar da shi kana tambaya ko da gaske ni na rubuta. Ni na rubuta, Baba. Aji uku na elemantare bai tafi a banza ba, ko da yake layukan suna gangarowa kamar jirgin da ba matuƙi.

Ƙara na kawo, kuma ban san wanda zan kai wa ba in ba kai ba.

Bari in fara da labarin gida. Ƙanena Ɗanjuma ya sayar da jirginka da tarunka, ya zama ɗan kwangilar siminti. Ɗanjuman da ko gyaran katanga bai iya ba! Tunda arzikin mai ya zo, kowa ɗan kwangila ne. An ce a kasuwar sabon garin da aka mai da mu, a bakin dam ɗin da ya haɗiye gidanka da kushewar kakanninmu, matan masunta layi suke bi su sayi kifin ƙanƙara, kifin da ya mutu tun bara a ƙasar da ba su san sunanta ba. Gara da ba ka gani ba.

Ni kuwa ina nan ina tuƙa alhazan birni daga filin jirgi zuwa kantuna. Su saya, in ɗauka. Kwanaki wani ya sayi sandar fatsa ta Turawa, doguwa mai ƙyalli, wai zai rataya a falo. Da ta ƙi shiga akwati sai ya bar mini ita a mota. Wannan sanda ita ta jawo mini abin da zan gaya maka.

Jikanka Abba, mai sunanka, ya zama saurayi, har ya fi ni tsawo. A nan aka haife shi. In yi masa Hausa, ya mayar mini da Turanci, haka muke hira. Da sanyi ya shigo zai tafi jami'a a wani gari mai nisa, kuma na san irin tafiyar nan, ai ni ma na yi ta. Baba, yaron nan bai taɓa kama kifi ba. A saninsa kifi yana fitowa ne daga cikin takardar jarida, da soyayyen dankali a gefensa.

Kai ka koya mini ƙa'idar gidanmu. Kifin da yaro ya fara kamawa da hannunsa ba a sayarwa, ba a kyauta da shi. A gasa shi da gishiri kawai, yaron ya ci da hannun da ya kama, a miƙa wa babban gida, wato dattijon gidan, kan kifin. Wanda bai ci nasa ba ɗan tudu ne, ko da a cikin jirgi aka yanke masa cibi. Shin zan bar mai sunanka ya fita gidana yana ɗan tudu? Uwarsa Hajara, Bakanuwa, ta ce ita ba ta ga laifin tudu ba, a kansa ta girma.

Rafin bayan gidanmu an yi masa siminti ƙasa da gefe, ba abin da ke iyo a ciki sai tsohuwar taya. Don haka na yi tambaya, aka kwatanta mini wani dam a bayan gari, inda suka tare kogi don ruwan famfo. A ciki akwai wani kifi mai ɗigo-ɗigo da suke ce wa tirawut. Na yi mana booking, na lallashi Abba, muka hau jirgin ƙasa ranar Asabar. Na ɗauki bahon wankin Hajara don zuba kamu, da ƙullin gishiri, da gwangwani cike da tanar da na haƙo a lambun hukumar unguwa. Mutanen jirgi suna ta kallon bahon. Na ɗauka sha'awa ce.

A ƙofa mai gadin ruwa ya tare mu, wani dattijo mai hular gashi, ya karanta mana dokoki. Ka gyara kwanciya, Baba. Ba tarun koma, ba tarun birgi, ba mamari mai jerin ƙugiyoyi, ba shiga ruwa. Ba tana. Ya karɓi gwangwanina da yatsu biyu, ya ajiye can gefe kamar na kawo kashi. Abin da aka yarda da shi kawai ƙudan ƙarya ne, wanda ake ɗaurawa da gashin kaza a jikin ƙugiya. Wato kifin da za ka raba da ransa, ko lomar bankwana ba za ka ba shi ba, sai dai ka yi masa ƙarya. Kuma mu ake ce wa marasa tausayin dabba!

Sannan ya gaya mini abin da ya tayar mini da zuciya. Kifayen dam ɗin nan ba a ciki aka haife su ba. Tunda aka tare kogin ba su da hanyar hawa inda suke zuba ƙwai. Sai a ƙyanƙyashe su a wani gida cikin kwatami, a ciyar da su kamar kajin gidan gona, a kawo su a tanka a juye. Kifi a mota, Baba! Kifin da bai san uwarsa ba, bai san kogi ba, an sauke shi a ruwan da ba nasa ba. Na kalli Abba, na kalli kaina, na ce to ashe 'yan uwa muka zo kamawa.

Bana kuwa an yi zafi da fari irin wanda suka ce ba su saba gani ba. Ruwan gidan ƙyanƙyasar ya yi ɗumi, 'ya'yan kifi suka mutu da yawa, tankar ta daina zuwa. Saboda haka aka tsananta doka: kowa kifi ɗaya tak, kuma wanda bai kai tsawon wata sandar awo da ke rataye a ƙugun dattijon ba, a mai da shi ruwa. Wa ya taɓa auna kifi da rula kamar yadin shadda?

Muka sami wuri a bakin ruwa. Turawa a jere, kowa shiru, fuska a murtuke kamar zaman makoki. Na ga ruwan ya yi kwance, na ce bari in tashe shi yadda muke yi, na sami reshe na fara dukansa ina kirarin da kake yi wa giwan ruwa. Ban kai rabi ba na ga duk bakin dam ya juyo. Abba ya ja hularsa ya rufe ido. Da na karɓi sandar don in nuna masa jifa, ƙugiyar farko ta kama itace, ta biyu ta kama bayan rigata. Ni, ɗan Sarkin Ruwa, na kama kaina da kaina a gaban jama'a, sai da ɗana ya kwance ni.

Shi kuwa ya tsaya yana kallon yadda na kusa da mu ke yi, ya karɓi sandar, ya yi ta gwadawa. Rana ta yi tsaka, ta karkata. Na ci burodi, na yi salla a kan ciyawa, na zagi dam ɗin a zuciyata, na haɗa da namu na gida. Can wajen la'asar sai na ga sandar ta lanƙwasa.

Baba, da ka ga yaron nan! Bai yi ihu ba, bai fizga ba. Ya saki, ya ja, ya saki, ƙafafunsa a buɗe, haɓa a sama. Wa ya koya masa? Ba ni ba dai, ka ji abin da na iya. Tsayuwarka ce sak. Ban taɓa gaya maka ba, amma ina yaro nakan ɓuya a cikin ciyawar gaɓa don kawai in kalle ka tsaye a kan jirgi, ina ganin duk duniya ba namiji kamarka. Kunya ta hana ni faɗa. Ga shi na faɗa yanzu da ba ka da bakin yi mini dariya.

Kifin ya fito, yana sheƙi, yana bugun ciyawa. Na kwance ƙullin gishiri. Sai ga dattijon nan da sandarsa. Ya kwantar da kifin ya auna. Saura faɗin farce ya kai! Na ce a sake. Na danna kan, na ja wutsiyar, na yi masa addu'a, kifi ya ƙi ƙaruwa. Na tattaro Turancina kaf na yi wa mutumin bayanin kaka da jika da kan kifi. Na miƙa masa goro. Ya saurara da ladabi, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Haka suke, da baƙin cikinsu za su yanka ka. Ya ce in kowa ya tafi da ƙanana, baɗi ba wanda zai kama komai. Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ba ni haushi. Su suka toshe kogi, su suka mai da kifi ɗan kwatami, sannan jikanka ne zai biya.

Da wani ya kira dattijon ya juya baya, na buɗe aljihun kwat ɗina, na yi wa Abba ido. Aljihu ne mai zurfi, ya sha ɗaukar abin da ya fi wannan. Yaron ya dube ni, ya girgiza kai. Ya durƙusa, ya sa kifin a ruwa, hannu ɗaya a ƙarƙashin cikinsa, ya riƙe shi har ya farfaɗo, ya buga wutsiya ya tafi. Daga nan ba abin da ya ƙara taɓa ƙugiyar har aka tashe mu. Daga ranar nan kuma aka rufe kamun bana tun kafin lokacinsa, sai kuma wata shekara, in tankar ta ga dama.

Muka dawo da baho wayam. Da muka shiga gida, Hajara ta sauke tuwo, ta ce Abba ya je ya wanke hannu, duk ya cika mata ɗaki da ƙarni. Ya nufi famfo. Sai na ji bakina ya ce kada ya wanke.

Ya tsaya ya dube ni. Na ɗauka zai yi mini Turancin nan nasa na tsafta. Bai yi ba. Ya dawo ya zauna a ƙasa, ya nannaɗe hannun riga. Na barbaɗa masa gishirin a tafi. Ya yanki tuwo da hannun nan mai yauƙi da ɓawon kifi, ya ci, ya sake ci, uwarsa tana salati tana cewa mun haukace. Sannan ya gutsuri loma ya miƙo mini, ya ce in karɓa, nawa kason ne. Da Hausa ya faɗa, Baba, karkatacciya, amma Hausa. Na karɓa na haɗiye. Wallahi ban taɓa cin abu mai ƙarni irinsa ba, kuma ban bar ko ɗigo ba.

To ga ƙarar. Ya kama da hannunsa, ya ci da hannun da ya kama. Kifin ne kawai bai halarta ba, yana can yana iyo a ruwan famfon Turawa. Ya ci nasa ko bai ci ba? Da kana nan da kai za ka yanke. Ba ka nan, kuma da na duba hagu da dama sai na ga wai ni ne babban gida yanzu. Saboda haka na yanke: ya ci. In na yi kuskure, ka bari sai na zo, ka ja kunnena a can. Shi dai ka karɓe shi.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sada mu da alheri.

Ɗanka,
Tanko, uban masunci