Kankaren makaroni da farantin Ummanki

Zuwa ga 'yata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikinku. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan sai godiya, in ban da babban yatsana da ke naɗe da tsumma, kuma ni na jawo wa kaina.

Kin san tun da aka sallamo Ummanki daga asibiti abinci ya zama abokin gabarta. Cokali ɗaya ta ture. Likita ya ce in ba ta ci ba, maganin ba zai zauna ba, sai a mai da ita gado. Rannan da hantsi ta ce ba abin da ranta ke so sai lazanyar nan, taliyar Turawa mai hawa-hawa, da kike yi kafin ki tafi. Ni kuwa bakina da bai san birki ba, na ce ai abu ne mai sauƙi, jeri ne kawai: shimfiɗa, miya, shimfiɗa. Mutumin da ya tsufa yana jera bulo, taliya ce za ta gagare shi? Ta dube ni irin kallon da take min in na ce gobe zan gyara ƙasan kicin.

Na sayo fallayen taliyar, masu tsada kamar tayil, na antaya su duka cikin tukunya a tare, na tafi duba waya. Da na dawo, 'yata, wallahi tun da nake gini ban taɓa samun siminti mai kamu irin wannan ba. Sun manne sun zama bulo guda. Na sa hannu zan ɓamɓare, ruwan zafi ya gaishe da yatsana. Gwaggonki da ta zo dubiya ta ce in ajiye bulon, ko za a buƙaci dutsen tare ƙofa.

To ina tsaye ina hura yatsa sai idona ya faɗa kan ledar makaroni. Na ce wa kaina, kai malam, in jeri ya ƙi, ai akwai zubin kankare! Na dafa makaronin, amma na sauke shi da ɗan sauran tauri, don na san zai ƙarasa a wuta. Na soya albasa da tafarnuwa da niƙaƙƙen nama, na zuba tumatir ya dahu har mai ya taso. Na juye komai a babban kwano, na sa rabin cuku, na kwaɓa kamar ina bakin aiki. Na shafa wa kwanon gilashinki mai, na zuba, na bi da bayan cokali na daidaita saman sumul, na barbaɗe sauran cukun. Akwatin gashin nan na ƙasan murhu da muka mai da ma'ajiyar tukwane, na kwashe su na kunna shi. Na durƙusa ina leƙe ta gilashi har saman ya yi ja, gefe yana tafasa. Ƙamshi kuwa har mai shagon ƙasa ya leƙo yana tambaya ko kin dawo.

Na kai mata ina rawar jiki. Ta juya farantin, ta ce wannan ba lazanya ba ce, rushewar gini ce. Na ce ta ɗanɗana dai, in ta cinye, na rantse zan gyara mata ƙasan kicin kafin in karɓi wani aiki. Sai ta gyara zama. 'Yata, ta ci! Ta ci tana jan cuku yana miƙewa, tana dariya, har ta kankare ɓawon gefen da cokali. Na fita baranda kamar zan duba shanya, don kada Gwaggonki ta ga idona. Ko da na dawo, ta miƙo faranti a ƙara. Tun daga ranar take cin abinci, jiya har ta fito falo tana min faɗa kan takalma. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na jiya ba.

Sai dai ta ce rantsuwar kan faranti ɗaya aka yi, ita kuwa biyu ta ci, don haka har da matakalar bayan gida da ta tsage. Gwaggonki ce shaida, kuma kin san ba ta mantuwa. Na ce yatsana bai warke ba, ta ce yatsan da ya iya kwaɓa makaroni zai iya kwaɓa siminti.

Ki gaida maigidanki da surukarki. Ummanki, Gwaggonki da Kawunki direba duk suna gaishe ki. An kawo yashi, yana ƙofar gida yana hararata.

Naki har kullum,
Babanki, magini kuma sabon kuku