Tulun Zuma a Shimfiɗar Yaya

Daren Talata, sha biyu ga Safar, Tamawa

Cikin uwayen ƙudan zuma biyu da Yaya Sule ya ajiye a tuluna biyu, ko wata amya za ta rasa uwa, ɗaya ta mutu. Laifina ne. Tsoron ɗari ya sa na liƙe bakin tulun ruf da kashin shanu, ban bar kafar iska ba.

Tun da Nasara suka tafi da shi aikin hanya, ba mai nuna mini. Inna cewa ta yi, "Kai karatu ka sani, ƙyale ƙudajen nan." Na ji haushi.

Na shigo da ɗaya tulun, na ɗora a shimfiɗar Yaya, na lulluɓe da gwadonsa. Ina jin kukan ƙudajen da ke ciki ƙasa-ƙasa. Rabona da jin motsin mai rai a ɗakin nan wata uku ke nan.