Tambayar Ummu Basil

'Yata Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Kin nemi ma'anar juyin juya hali don bincikenki kan boren Larabawa. Na tsufa ina koyar da tarihi, ban taɓa rasa amsa ba sai makon jiya.

Maƙwabciyata Ummu Basil, 'yar Siriya, ta dawo nan Jidda daga ƙasarsu, inda ta je neman ɗanta Basil da aka kama tun farkon zanga-zanga. An buɗe gidajen yari, ba ya ciki. Ta ce, "Ya Ustaza, gwamnati ta faɗi, halas, an gama. To wa ya ci nasara?"

Shayi kawai na iya zuba mata. Ba ni da ma'anar da zan aiko miki.

Ki sa Basil a addu'a, ki gaida mahaifinki.

Gwaggonki,
Bilkisu