Rabin Ƙwayar Inna

Sule Tankarkar, Alhamis.

Ƙanwata Tayyiba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti? Wayata ta faɗa rijiya wajen shayar da shanu, shi ya sa na ba direban Gumel wannan takarda.

Maganin zuciyar Inna ya ƙare. Na je Maigatari da tsohon kwalin, mai kemis ya ce irinsa ya yanke, ya ba ni wani, wai maganin ɗaya ne, ƙarfin ne ya bambanta. Ya yi mini bayani, amma hankalina yana kan bijimin da na bari a kara, kasuwar shanu, ban riƙe komai ba.

A tsohon kwalin an rubuta 0.25, a sabon 0.5. Na zauna na yi lissafi: biyar sau nawa ke ba da ashirin da biyar? Sau biyar. Ke nan ƙwaya biyar za ta sha. Sai kuma na juya tsohon kwalin na ga 250 a bayansa, kaina ya ƙara kullewa. In wannan za a bi, ai hamsin ke nan, kwalin ma bai kai ba.

Na aiki matata A'i ta gaya wa Inna. Inna ta ce shekara biyu ƙwaya ɗaya take sha, ba mai ƙara mata. Kin san halinta. Ga ƙafafunta sun fara kumburi, ni kuwa tsoro nake ji. In ta ƙi zuwa gobe, zan san dabarar da zan yi.

A gaida mai gidanki. Yayanki, Manu.

Gumel, Juma'a da safe.

Yaya,

Ina gaisuwa. Don Allah, don Annabi, kada ka ba ta biyar. Sai yanzu direban ya kawo takardarka.

Ɗauki tiyar gero. 0.5 rabin tiya ne. 0.25 rabin wannan rabin ne, wato kwata. Sabuwar ƙwayar ta ninka tsohuwar, ba ta gaza ta ba. RABIN ƙwaya za ta sha, akwai tsaga a tsakiyarta, nan za a ɓara. Biyar ɗin nan maganin kwana goma ne a lokaci guda, zuciyar tsohuwa ba za ta ɗauka ba.

Shi 250 rabu da shi, ƙaramin awo ne, mikirogiram. Dubunsa ke yin miligiram ɗaya, 250 kuwa kwatan dubu ne, wato 0.25 ɗin nan. Kamar ka ce kwana bakwai, ni in ce mako guda.

Wace dabara kake nufi? Na ɗauki Usaini ɗan acaba takanas, ya jira amsarka.

Ƙanwarka, Tayyiba.

Sule Tankarkar, Juma'a.

Tayyiba,

Gaisuwa. Kwantar da hankalinki, Inna tana nan lafiya. Amma ba wayona ba ne.

Da hantsi na daka biyar ɗin, na zuba a kunu. A'i ta tafi ɗiban ruwa, sai na kai da kaina. Kin san ni ɗan fari ne, shekara arba'in Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta karɓi abu a hannuna ta sha ina tsaye. Ta kau da kai, ta ce a ajiye. Na fita raina a ɓace, ina cewa a zuci yau ma kunyar ce, har a kan magani. Ƙwaryar tana nan a rufe da faifai Usaini ya iso da takardarki.

Na haƙa rami na zubar da kunun, na zauna a gindin tsamiya na yi kuka kamar yaro.

A'i ta ɓara ƙwaya, Inna ta sha rabi. Da aka gaya mata abin da na yi, cewa kawai ta yi, “A ce wa wancan ya ci abinci.”

Har yanzu ban gane yadda biyar ta fi ashirin da biyar ba. Ki zo ranar Asabar ki duba ƙafafunta, ki kuma nuna mini da tiyar a hannu.

Yayanki, Manu.