Tukunyar da Ba Ta Rabuwa

Da sunan Allah. Ni Batula Jibo ta Makera nake barin wannan wasiyya ga 'ya'yana Talha, Mardiya da Kamilu. Jiki ya yi rauni, amma hankalina garau yake.

1. Gida da gona, malamai su raba yadda shari'a ta ce. Babbar tukunyar baƙin ƙarfe kuwa na fitar da ita a sulusina, waƙafi ce ga unguwa. Tukunya ba ta rabuwa uku. In ta shiga gado sayarwa za a yi, mai sayen kuma ɗan gwangwan ne, ya auna ta a sikeli ya sa mata guduma. Kamilu, na gan ka kana zagaya ta da ɗaya daga cikin 'yan gwangwan ɗin. Ciwo nake, ban makance ba.

Kakata ta zo da ita daga Kurfi. A cikinta aka yi tuwon sunana, a cikinta aka yi na bikina. Hannayen da suka tuƙa duk suna ƙasa, ita ko tsaga babu. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya halicci ƙarfe, Ya ba shi kwanan da bai ba mu ba.

2. Ƙarfe suna ya tara. In za ku saya ku ƙwanƙwasa: na kirki amonsa yana daɗewa, mai kumfa a ciki ƙwal ɗaya ya yi shiru. Bututun da mahaifinku ya yi indararo da shi na kirki ne, a bar shi. Na roba da maƙwabta suka sa, tuni rana ta cinye.

3. Mai aro ya dawo da tukunyar a bushe, shafe da man gyaɗa. Ba a watsa mata ruwan sanyi tana da zafi. Haka ƙaramar tukunyata ta fashe a hannun Mardiya ranar sunan ɗanka, Talha, kuma har yau ba ka taka gidanta. Ni mai tukunyar na yafe, kai wane ne?

4. Ranar sadakar ukuna a dafa a babbar. Mutum biyu ba sa iya ɗaga ta. Ku uku za ku kai ta kan wuta, ban yarda kowa ya kama muku ba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. In kun sauke ta, kada ku saki juna.