Gaya Ta Cika da Shagunan Waya, Babu Inda Za a Yanki Likkafani

Zuwa ga Alhaji, mai sabon ginin shaguna na tsakiyar garin Gaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya jiƙan mahaifinka, mutumin kirki, wanda muka yi zaman mutunci da shi.

Ni ne Haruna mai alawayyo, mutumin Balan. Idan sunan bai faɗo maka ba, ni ne tsohon nan mai rumfa ta ƙarshe a layin da aka rushe aka tayar da gininka, daidai inda matakalar bene take yanzu. Sana'ata yankan likkafani, kuma gadonta na yi wurin mahaifina. Na so mu yi maganar nan baki da baki, amma na yi ta sintiri a ƙofar gidanka har ƙafata ta gaji, kullum sai a ce ka yi Kano ko ka yi Abuja. Shi ya sa na zaunar da ɗana yana rubutawa ina faɗa, a buga kowa ya gani. Kunya ce ta hana ni tun bara, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na farko, maganar alkawari. Ranka ya daɗe, da bakinka ka tsaya a gindin darbejiya ka ce mana idan gini ya kammala, masu rumfa za a fara dubawa. Muka ce madalla, muka sa maka albarka. Da hannunmu muka kwance kwanon rumfunanmu, ba hayaniya, ba wanda ya kai ƙara. Gini ya tashi, aka shafa fenti, aka yi walima aka ci shinkafa. A cikin mu duka na tsohon layin, ko mutum ɗaya bai ga mukulli ba.

Na biyu, ina so ka tuna abin da ke layin nan kafin a rushe shi. Akwai maƙeri, akwai baduku, akwai mai irin gero da wake, mai igiya da tabarma, mai maganin dabbobi, mai gyaran keke, wanzami, ga ni kuma a ƙarshe. Manomi ya taso daga ƙauye da buƙata biyar, a layi ɗaya zai gama su ya koma gona kafin rana ta take. Yanzu fa? Na bi shagunanka ɗaya bayan ɗaya na leƙa. Mai waya, mai cajin waya, mai gyaran waya, mai rigar waya, sai masu cire kuɗi da ɗan inji sun jeru suna hamma suna kallon juna. Sai butik biyu, da mai kayan kwalliya. Shagunan sama kuwa a garƙame suke, gizo-gizo ya kama haya kyauta. Wallahi ba ƙyashin yaran nan nake ba, 'ya'yanmu ne, Allah ya ba su kasuwa. Amma don Allah, Alhaji, da waya ake noma? Na ga mutumin Ajingi ya zaga ginin nan kaf yana neman ƙotar fartanya, ya tafi bai samu ba.

Na uku, abin da ya shiga tsakanina da manajanka. Ban nemi shago mai tayil da gilashi ba, na san ƙarfina. Lungun nan na ƙarƙashin matakala na roƙa, inda ake jingine tsintsiya da bokiti. Ya karɓe ni da fara'a, har ya ba ni kujera, ba zan yi masa ƙarya ba. Da ya ji kayan da zan kasa sai fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wurin nan na zamani ne. Mata suna zuwa haɗa lefe, ba za su so su ga kayan mutuwa a bakin ƙofa ba." Na ce masa, yaro, ita ma mai lefen ai wata rana farin ƙyalle za a naɗa mata. Ya yi dariya, ya raka ni har bakin titi. Na koma gida raina a ɓace, na kasa cin tuwo.

Wataƙila shi bai san yadda sana'ar nan take ba, amma kai ka sani. Ba a tayin likkafani, ba a kuma hana shi. Mutum ya zo idonsa jawur, abin da zan tambaye shi biyu ne kawai: namiji ne ko mace, kuma tsawonsa kamar wa? Sai in auna da kamu in yanka, in haɗa masa da turare da kafur, in ce ya yi sauri. Sauran magana sai bayan sadakar uku. Ko ina gona aka aiko, ajiye fartanya nake in zo in buɗe. Ranar da mahaifinka ya rasu kai ne ka zo da kanka, kana saurayi, ko hula babu a kanka. Na fara tambayarka tsawonsa, sai na ce bar shi, na san shi. Ba gori nake maka ba, Allah ya kiyaye. Ina tuna maka ne cewa a wannan rana ba ka sha wahalar nema ba, don ka san inda rumfar take.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na fasa yin shiru. Malam Sule maƙeri, mutumin Toranke, shi ne maƙwabcina na rumfa tun muna da baƙin gashi. Yana bugun ƙarfe ina masa tsiya cewa ya kurumtar da ni, shi kuma yana ce mini in daina duban tsawonsa, bai shirya ba tukuna. Da aka tashe mu ya koma Toranke ya kafa zuga-zugi a zaure, amma wa zai bi shi can? Ya zauna, ya rame, ciwo ya shige shi. A bazarar nan da ta wuce, ana tsakiyar zafi, Allah ya yi masa rasuwa bayan sallar asuba.

Babban ɗansa, Habibu, ya hau babur ya nufo Gaya kai tsaye. Ya san an yi mana alkawari, ya ɗauka ina cikin gininka. Ya shiga shago ya fita shago yana tambayar mai alawayyo, yaran ba wanda ya taɓa jin sunana. A butik aka ɗauko masa farar shadda mai zane da walƙiya, irin ta angwaye. Za ka ce ai ranar kasuwa ana samu wurin 'yan koli masu zuwa daga nesa. Gaskiya ne, amma mutuwa ba ta san ranar kasuwa ba. Mu uku ne masu wannan sana'a a garin nan: ɗaya ya rasu, ɗaya ya kwashe kayansa ya koma Wudil, ni kuma ina zaure a Balan. Sai da rana ta raba tsaka wani tsohon mai faci ya gane shi, ya ce masa ya neme ni a gida.

Ya iso jiƙe da gumi, ya durƙusa ya faɗa mini. Na yi salati na tashi na shiga ɗaki, alhali na san abin da zan tarar. Tun da na rasa rumfa ban sake saro bandir ba. Wanda ya rage na yi ta yanka wa maƙwabta har ya ƙare, abin da ya shigo kuma cikin iyali ya tafi. Abu ɗaya ne ya rage a ƙasan adakata: nawa likkafanin. Yayata ce ta tafi da shi aikin hajji ta wanko mini shi da zamzam, shekara da shekaru yana ajiye, lokaci-lokaci in ɗauko in shanya in mayar. Na tsaya a kansa ina dubansa. Sannan na ɗauko na miƙa wa Habibu, na hau bayan babur ɗinsa.

Mun tarar an haƙa kabari tun hantsi, makara tana jingine, jama'a sun yi jugum a inuwar da ba ta ishe su ba. Wasu sun gaji sun tafi. Ba a sallaci Malam Sule ba sai bayan la'asar. Ni na shiga wurin suturta shi, kuma ba zan faɗi abin da na gani ba, sai dai in ce maka sai da aka ƙara turare. Mutumin da ya ƙera wa rabin ƙasar nan fartanya, a ce haka za a kai shi! Na yi kuka a gaban sa'o'in 'ya'yan cikina, ban ji kunya ba.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe. Ka ba da lungun matakalar nan a riƙa sayar da alawayyo, ko ba ni ba, ko wa ka ga dama, ni zan koya masa aikin. Ba sai an rataya ƙyallen a waje ya tsorata masu lefe ba, mutane su dai san wurin. Shagunan sama da ke garƙame kuma, ka buɗe ka sa mai iri da baduku da mai igiya, gari ya koma gari. Sannan ka zo da kanka ka zaga ginin, ka tambayi kanka abin da baƙo mai buƙata zai samu a ciki.

Ni dai shekaru sun ja, ƙafa ta fara kumbura, adakata kuma babu komai a ciki. Na ce wa yaron da ke rubuta wannan takarda, idan tawa ta zo kada ya ɓata lokaci a Gaya, ya wuce Wudil kai tsaye. Da na faɗi haka ya ajiye biron ya fita waje, sai da na jira shi ya dawo muka ƙarasa.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya raya maka zuriya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ranar da taka ta zo, bayan tsawon rai, Allah ya sa kada 'ya'yanka su yi yawon nema da rana tsaka.

Wassalam.

Naka,
Haruna mai alawayyo, Balan.