Binciken Malam Dalyop

Litinin, 7 ga Mayu, 2001

Ni ne Farfesa Dakta Alhaji Kyaftin, babban masanin jiragen sama na Agege da kewaye. Yau na buɗe kundina kamar yadda manya ke yi. Dalili kuwa, an turo mini ɗalibi daga jami'a a Jos, sunansa Dalyop, ya kama ɗakin da ke jikin ofishina a gidan Goggo Fadima mai tuwo. Dogo ne siriri, da tabarau, da wata 'yar rikoda da yake rungume da ita kamar jaririya. Na ga kullum rubutu yake yi, na ce to ni da me ya fi ni? Nawa ma da ajami ne, ko ya tsinta sai dai ya kalla.

Da rana na kai shi filin jirgi na Ikeja a jirgina mai ƙafa biyu. Jahilai na ce masa okada.

Laraba, 9 ga Mayu

Ɗalibina ya kawo mini bayanin aikinsa. Wai digirinsa na biyu a kan kamfanin jirgin saman ƙasa ne. Da can jiragen kamfanin birjik, yanzu saura 'yan ƙalilan. Yana so ya gane inda aka yi ɓatan kai, ko wajen shugabanci ne, ko wajen mai da gyara, ko wajen sayar da kujeru. Ya ce abin da ke ɗaure masa kai shi ne jirgi ya tashi maƙil da mutane, amma a ce an faɗi.

Na ce, "Malam, ai ko a danfo haka ne. In mota ta cika mai mota bai ƙoshi ba, kwandasta za ka duba."

Wallahi sai ya rubuta! Da ma Malaminmu na allo na raye ya ga ana rubuta maganata.

Hausarsa irin ta Jos ce. Goggo ma "shi" yake ce mata. Ta ce ba komai, yaron na da ladabi, har ƙarin nama take yi masa. Ni da na girma a gidan, sai ƙashi.

Asabar, 12 ga Mayu

Yau na yi dariya har da hawaye.

Na gaya masa Hamani mai shayi tsohon matuƙin jirgi ne a Nijar. Ban yi ƙarya ba, kwalekwale ya tuƙa a kogin Yamai. Malam ya sa sabuwar riga, ya kunna rikoda, ya zauna a benci.

"Baba, jirginka mutum nawa yake ɗauka?"

"Ya danganta da awaki."

"In mai ya ƙare fa?"

"Wane mai? Gora ce."

Sai da aka kusa cinye kaset kafin ya gane. Ya cire tabarau ya yi ta dariya, ya ce, "Ridwan, za ka kashe ni." Bai yi fushi ba ko kaɗan. Irin wannan mutumin ba daɗin tsokana, ga shi kuma ba ya barin mutum ya daina.

Talata, 15 ga Mayu

Oga Audi ya mare ni a bakin filin jirgi, gaban mutane, wai na tare wa fasinjansa hanya. Shi ne shugaban 'yan kamashon wurin. Yaransa su saye kujeru tun safe, in mutum ya zo a gaggauce su tsuga masa. A layinmu yake zaune. Kunnena na hagu har yanzu ƙara yake yi.

Farfesa ba ya ramuwa da hannu.

Alhamis, 17 ga Mayu

Allah ya kawo Oga Audi teburin Hamani da safe, shi da yaransa. Rediyo na ta maganar gwamnatin farar hula za ta yi bincike a kan harkar jiragen sama. Sai Audi ya zungure ni da ƙafa.

"Kai ɗan iska, wane ne wannan mai tabarau da kake yawo da shi a wajenmu?"

Na duba hagu, na duba dama, na rage murya. Na ce, "Oga, ni ban gaya maka ba. Bincike ya zo yi. Daga sama aka turo shi. Jiya ina ji ta bango yana kunna rikoda, sunanka ya fito."

Burodin da ke hannunsa ya faɗa cikin shayi. Na danne dariya har cikina ya ƙulle.

Abin daɗin ma, sai ga Malam ya fito sayen ƙwai. Audi ya ce, "Bawan Allah, me kake yi a filin jirgi?"

Malam da murmushinsa ya ce, "Bincike, ranka ya daɗe. Ina ma so in yi magana da kai a kan yadda kuke samun kujeru."

Shi bincikensa na makaranta yake nufi. Su kuma bincike ɗaya suka sani, wanda ake zuwa da mota a ɗaga katifa a sa wa mutum ankwa. Audi ya tashi bai ƙarasa shayin ba.

Maki ɗari ga Farfesa.

Lahadi, 20 ga Mayu

An jefo dutse ta tagar Malam, gilas ya yanke shi a kunci. Ya ce ƙila yara ne.

Na ce eh, yara ne.

Talata, 22 ga Mayu

An yi kame a filin jirgi. Kamen da ake yi lokaci-lokaci ne, in wani babba zai sauka. An kwashi yaran Audi, har da ƙaninsa Ɗanbaba. Sun dawo da yamma, Ɗanbaba ba ya iya taka ƙafa, bayansa duk shatar bulala. Layi ya cika da magana ɗaya, wai mai binciken gidan Goggo ne ya ba da sunaye.

Na je wajen Audi da kaina. Na durƙusa har ƙasa. Na ce, "Oga, wasa na yi. Ɗan makaranta ne, wallahi tallahi."

Ya ce, "Ranar Alhamis ka ce wancan, yau ka ce wannan. Wanne ne ƙaryar?"

"Na Alhamis."

"Shi da bakinsa fa? Shi ma wasa yake?"

Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Wani yaronsa ya ce ba ni ne na taɓa rantsewa an ga giwa a Isolo ba? Suka shaƙe ni da rigata, suka buga kaina da ƙofar shago, suka jefo ni waje. Audi ya ce, "Ya saye ka. Ku biyun duka za mu gani."

Tun ina ƙarami ba a taɓa ƙin yarda da ƙaryata ba. Yau gaskiya ce aka ƙi.

Laraba, 23 ga Mayu

Na ce wa Malam ya ɗan koma gida ya huta, ko ya koma wajen 'yan cocinsu a Iyana Ipaja. Ya ce saura masa hira da tsofaffin ma'aikatan kamfanin, da ƙyar suka yarda, ba zai bari ba. Ya tambayi ƙulun da ke goshina. Na ce faɗuwa na yi.

Na buɗe baki in gaya masa. Sai ya miƙo mini lemo, ya ce in ya gama littafin zai sa sunana a wajen godiya. Sai na sha lemon.

Gobe zan gaya masa.

Alhamis, 24 ga Mayu

Ban gaya masa ba.

Lahadi, 27 ga Mayu

Sai yau na iya ɗaukar alƙalami. Bari in rubuta na Juma'a.

An sauko daga masallaci ke nan, ina goge babur, sai ga Hamani da gudu ba takalmi. "Sun tare shi a layin dogo!" Ashe Malam ya fita sayen batir a ƙafa, da jakarsa.

Ko da na isa yana ƙasa. Tabarau ya fashe a fuskarsa. Ɗaya na dukansa da katako mai ƙusa, ɗaya na tattaka shi. Audi ya ɗora hannun Malam na dama a kan ƙarfen dogo, ya ce da wannan yake rubuta sunayen mutane, ya sauke masa dutse. Na ji ƙarar. Ya sake saukewa. Malam bai yi ihu ba, wani irin numfashi kawai ya ja.

Sai wani cikin yaran ya ƙwala da Yarabanci, "Ole! Ole!" wato ɓarawo. Shi ke nan. A Legas in aka faɗi wannan ba a tambaya. Kasuwa ta watso, wanda bai san komai ba ma ya ɗauki abin duka. Na ga taya tana tafe a kan kawunan mutane, hannu zuwa hannu. Na ji warin fetur.

Na danna babur cikinsu, na faɗi, na tashi, ina ihu da Hausa, da Yarabanci, da Turancin titi. "Ni ne! Ni na ƙirƙira! Ɗalibi ne!" Wani ya ce ga abokin satarsa. Audi ya juyo ya shimfiɗa mini katako a baki. Na tofar da haƙora a tafin hannuna, ban san me ya sa na riƙe su ba. Wani ya fasa mini kwalba a kafaɗa.

Sun riga sun rataya wa Malam tayar. Ina kwance ina kallon ƙafafu, ina jin ana cewa wa ke da ashana.

Goggo ce. Ban ga zuwanta ba. Muciya a hannu, ƙullu har gwiwar hannu, ta ratsa su tana duka ba ji ba gani. Ta yafa mayafinta a kan Malam, ta kwanta a kansa, tayar da fetur ɗin da komai. Ta ɗaga kai ta yi wa matan kasuwa magana da Yarabancin da ta fi su iyawa. Ta ce ɗanta ne, a gidanta yake ci, mai ashana ya kyasta su tafi tare, amma ya sani ta san uwarsa.

Wata mai sayar da barkono ta fara cewa, "A'a, Iya mai tuwo ce." Sai wata, sai wata. Matan suka kewaye su. Maza suka fara ja da baya, kowa na kallon wani.

Tunda an riga an zubo fetur sai an ƙona wani abu. Jakar suka ƙona. Rikoda, kaset-kaset, takardu, duk hirar da ya yi tun zuwansa. Wani zaren kaset da ya tsira ya maƙale a waya yana kaɗawa.

Laraba, 30 ga Mayu

Likita ya ce yatsun Malam biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Idon ya tsira.

Dattawan zango sun kira zama, an ce Audi ya ɗauki nauyin asibiti, kar a kai magana waje. Na gan shi ɗazu yana cin tsire.

Goggo ba ta zage ni ba. Tuwo take ajiye mini a bakin ƙofa ta juya. Da ma ta ɗauko muciyar.

Asabar, 2 ga Yuni

Na je asibiti. Na daɗe a tsaye a baranda kafin in shiga. Goggo ta riga ta gaya masa komai, na gani a fuskarsa.

Hannun na rataye cikin farin filasta. Bai ce in zauna ba. Can ya ce, "Ridwan, ina da tambaya ɗaya. In ba bincike ba, me ya kamata in ce musu ina yi?"

Na ce, "Nazari."

Ya maimaita a hankali. "Nazari." Ya sake maimaitawa kamar mai biya allo. Sannan ya ce, "Ka san wannan kalma ranar da muke wajen Baba mai shayi?"

Na ce na sani.

Ya juya fuskarsa bango. Na jira ko zai ƙara wani abu. Nas ta zo ta ce lokaci ya yi.

Alhamis, 7 ga Yuni

Ya tafi. Mai nazarin jiragen sama, a motar haya.

Tun da sassafe na wanke babur, na sa sabon tsumma a kujera, na tsaya a ƙofar gida. Ya fito, ya durƙusa ya gaida Goggo, ta yi ta kuka tana cusa masa dambun nama a aljihu. Ya ce mata zai sake aikin daga farko, ko da hannun hagu ne, amma ba a nan ba. Ya yi sallama da Hamani. Na tura babur gabansa, na ce, "Malam, tasha."

Ya dube ni, ba harara ba ce ma. Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da wani ɗan okada da ke wucewa, wanda ko sunansa ban sani ba. Ya hau.

Lahadi, 10 ga Yuni

Ɗinkin kafaɗa na ƙaiƙayi. In na ce "sannu" iska ce ke fita ta giɓin.

Ɗazu a teburin Hamani wani baƙo ya sauko daga motar Kano da buhunsa, ya tambayi inda ake hawan danfo zuwa Apapa, yayansa na tuƙa tanka a can. Kowa ya juyo yana kallona, har an fara murmushi. Da a da ne, sai ya tsinci kansa a Abekuta. Na gaya masa ya bi ta Oshodi, na gaya masa abin da zai ce wa kwandasta, na raka shi har bakin titi. Ba wani abu ba ne. Bakina ke ciwo, dariya na buɗe ɗinki.

Takardar ta kusa ƙarewa, ba kuma zan sayi wata ba. In wani mai karatun ajami ya tsinci wannan, kar ya wahalar da kansa neman Farfesa. Babu shi, ba a taɓa yin sa ba. Ridwanu ne, ɗan okada, na ɗakin bakin ƙofa a gidan Goggo Fadima. Karatuna izu goma ne da 'yan kai. Jirgin sama kuwa, ban taɓa ganin cikinsa ba.